Jirgin da Aka Tono Sau Biyu

Ranar 4 ga watan Yuni na shekarar 1629, kafin gari ya waye, wani jirgin ruwan fatake mai suna Batavia ya hau kan duwatsun murjani a tsibiran Houtman Abrolhos, kimanin kilomita 60 daga gaɓar yammacin Ostireliya. Jirgin na kamfanin Holan ne mai fatauci a ƙasashen gabas, wanda ake taƙaita sunansa da VOC, kuma tafiyarsa ta farko ke nan. Ya baro gida a watan Oktoba na 1628 da mutum wajen 340, da akwatunan kuɗin azurfa, da sassaƙaƙƙun duwatsu 137 da aka yi niyyar gina ƙofa da su a birnin Batavia, wato Jakarta ta yau.

Mutum wajen 40 ruwa ya ci, sauran suka tsira zuwa ƙananan tsibirai inda babu ruwan sha. Shugaban tafiyar, Francisco Pelsaert, ya shiga kwale-kwale da wasu mutane, suka yi kwana 33 a teku kafin su isa Jawa neman agaji. A bayansa wani jami'in kamfanin mai suna Jeronimus Cornelisz ya ƙwace iko, shi da yaransa suka hallaka mutum kusan 125, har da mata da ƙananan yara. Wani soja, Wiebbe Hayes, shi ne ya tara 'yan uwansa a wani tsibiri suka yi turjiya har Pelsaert ya dawo a jirgin Sardam. A ranar 2 ga Oktoba aka rataye Cornelisz.

Wannan labarin ya sha rubutu, kuma ya cancanta. Amma ni abin da ya fi riƙe mini hankali shi ne abin da ya biyo baya bayan shekara ɗari uku da 'yan kai: yadda aka tono jirgin daga teku, da yadda aka sake tono shi karo na biyu daga cikin akwatunan tsofaffin hotuna, ba tare da kowa ya jiƙa ƙafarsa ba. A wannan tono na biyu ne nake ganin darasin da ya shafi duk mai riƙon amanar tarihi.

Sai mu fara da wata gaskiya da masu tonon kayan tarihi suka sani sarai: tono rushewa ne. Kafin a taɓa jirgin da ya nutse, kowane abu yana nan inda ya kwanta, tulu a kan katako, katako a kan yashi, tsabar kuɗi kusa da inda akwati ya fashe. Wannan kwanciya ita ce shaida. Ita ke faɗin inda ake girki, da inda matuƙa ke kwana, da yadda aka jera kaya, da ɓangaren da ya fara fashewa. Da zarar an ɗaga tulun, shaidar ta tafi, sai abin da aka rubuta ko aka zana ko aka ɗauka a hoto. Wanda ya tono bai rubuta ba, da shi da ɓarawon kaya bambancinsu kaɗan ne a wurin na baya.

Sana'ar ba ta fara da wannan fahimta ba. A shekarar 1900 masu nutso neman soso suka ci karo da wani tsohon jirgi a gefen tsibirin Antikythera na ƙasar Girka. Aka yi ta fito da gumakan tagulla da na farin dutse, har da na'urar nan mai haƙoran ƙarfe da ake lissafin tafiyar rana da wata da ita. Amma babu taswirar da ta nuna inda kowane abu yake, saboda masana suna bisa ruwa suna karɓa, masu nutso suna ƙasa suna tsinta.

Haka abin ya kasance a Grand Congloué, kusa da Marseille ta Faransa, inda Jacques Cousteau da mutanensa suka yi aiki daga 1952 zuwa 1957. Masanin da ke kula da aikin, Fernand Benoit, ba ya nutso, sai abin da aka hawo masa da shi yake gani. Dubban tuluna da kwanuka aka fitar, aka ce duk na jirgi ɗaya ne, alhali salon wasu ya girmi na wasu da kusan ƙarni guda. An daɗe ana gardama. A shekarun 1980 wani masani mai suna Luc Long ya koma kan littattafan aikin da bayanan masu nutso, ya bi su dalla-dalla, ya nuna cewa jirage biyu ne, ɗaya ya nutse a kan ɗaya. Long bai yi amfani da wata na'ura mai ban mamaki ba, karatu ya yi da haƙuri. Ɗan abin da aka rubuta ya isa ya warware gardamar, abin da ba a rubuta ba kuwa har abada ya tafi.

Sauyi ya zo a 1960 a Cape Gelidonya, kudancin Turkiyya. George Bass, ɗalibi ɗan Amurka, ya koyi nutso musamman domin ya sauka da kansa kan jirgin da ya nutse wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: yadda ake aiki a tudu haka za a yi a ruwa, a auna, a zana, a ɗauki hoto, sannan a ɗaga. Daga baya a Yassıada shi da abokan aikinsa suka gwada ɗaukar hotuna bibbiyu daga wurare biyu makusanta domin su fitar da tudu da kwarin abin da ke ƙasa. Tun lokacin an san cewa hoto yana ɗauke da awo a cikinsa. Fitar da awon ne ke da wuya, don sai da manyan na'urori da ƙwararru da makonni na lissafi.

A wannan makarantar Jeremy Green ya taso. Ya yi aiki a Oxford a kan na'urorin gano ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, sannan a 1971 ya koma gidan adana kayan tarihi na Yammacin Ostireliya. An gano Batavia a 1963 bayan wani masunci ya nuna wurin. A shekarar ce kuma aka gano wani jirgin Holan, Vergulde Draeck, wanda masu neman dukiya suka yi ta fasawa da nakiya. Wannan ɓarna ta sa aka kafa doka, kuma a 1972 Holan ta miƙa wa Ostireliya haƙƙinta a kan waɗannan jirage. Daga nan zuwa 1976 Green da tawagarsa suka tono Batavia.

Wurin ba shi da zurfi, mita biyar ne ko shida, amma a bakin inda igiyar Tekun Indiya ke fashewa yake. Kwanaki da yawa ba a iya shiga ruwan sam. Ranar da aka samu shiga, mai nutso yana riƙe da allon roba da fensir a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana neman abin kamawa, ruwa ya ja shi gaba ya dawo da shi baya, kumfa da yashi sun cika masa ido. A irin wannan hali auna katako da tef ɓata lokaci ne. Sai suka dogara da kyamara. Kowane katako aka maƙala masa lamba. Mai ɗaukar hoto, Patrick Baker, ya bi ta kan shimfiɗar yana ɗauka, kowane hoto yana hawa kan gefen na kusa da shi kamar yadda ake jera bunu a jinka. In an gama da layin sama sai a ɗaga shi, a sa wa na ƙasa lamba, a sake ɗauka. A tudu kuma a auna kowane katako a zana shi, a mayar da shi cikin ruwa kada ya bushe ya tsattsage.

Da waɗannan lambobi da hotuna aka sake harhaɗa ɓangaren bayan jirgin, bayan shekaru ana jiƙa katakon da sinadarin da ke maye gurbin ruwan da ya sha. Yau yana tsaye a gidan tarihin jiragen ruwa da ke Fremantle. Darajarsa babba ce, domin maƙeran jiragen Holan na wancan zamani ba su bar zanen gini ba, da ido da gwaninta da ƙa'idojin gado suke aiki. Daga waɗannan katakai Wendy van Duivenvoorde ta nuna cewa jikin jirgin ninki biyu ne na katako mai kauri, da wani siririn rufi a waje. A 2021 ita da abokan bincikenta suka nuna, ta hanyar nazarin zoben shekaru da ke jikin itace, cewa an kawo katakon ne daga yankin Baltik da arewacin Jamus.

Hotunan kuwa aka yi amfani da su gwargwadon ƙarfin zamanin. A wanke, a yanka da almakashi, a manna gefe da gefe a kan babban allo har a sami hoton wurin baki ɗaya. Aiki ne mai kyau, amma a shimfiɗe yake, kuma duk inda katako ya taso sama sai gefunan su ƙi haɗuwa. Da aka gama, finafinan suka koma ma'aji.

Abin da ya tashe su daga barci ya fito ne daga wani fage daban. A 1999 David Lowe ya fito da hanyar da kwamfuta za ta gane tabo ɗaya a hotuna daban-daban, ko da an ɗauke su daga nesa ko kusa ko a karkace. A 2006 masu bincike a Jami'ar Washington da kamfanin Microsoft suka nuna cewa za a iya tattara hotunan 'yan yawon buɗe ido daga intanet a gina surar gini da su. A 2010 manhajar PhotoScan ta kamfanin Agisoft ta fito, wadda yanzu ake kira Metashape, aikin da sai ƙwararru ya zama abin da ɗalibi zai yi a kwamfutarsa.

Yadda abin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Ka miƙa yatsa a gabanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan: yatsan zai yi tsalle sosai, bangon da ke nesa kuwa da ƙyar zai motsa. Daga girman wannan tsalle ake gane nisa. Manhajar tana tsinto dubban tabo a kowane hoto, kan ƙusa, tsagar katako, ɗigon murjani, ta nemo su a sauran hotunan. Daga yadda suka gusa sai ta lissafa inda kyamara take a lokacin da aka ɗauki kowane hoto, da inda kowane tabo yake. Tabo ya taru ya zama miliyoyi, a lulluɓe su da fatar hoton, sai ga wurin a allo, ana juya shi, ana leƙa ƙarƙashinsa, ana auna shi. Sharaɗin dai shi ne kowane wuri ya fito a hoto uku ko fiye, kuma hotunan su hau kan juna sosai.

Nan hikimar ta faɗo wa masu aikin: manhajar ba ruwanta da shekarun hoto. In an sa tsohon fim a na'urar sikana ya koma hoton kwamfuta, za ta karɓe shi kamar na jiya. A ƙarƙashin wani shirin bincike da aka fara a tsakiyar shekarun 2010, wanda ya haɗa gidan tarihin da jami'o'i irin su ta Yammacin Ostireliya da Curtin, aka ɗauko hotunan Batavia na shekarun 1970 aka gwada. Katakan da aka ɗebe tun shekara arba'in suka sake bayyana a kwance a inda igiyar ruwa ta bar su, da lambobinsu a jiki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Mai bincike a yau yana iya duba yadda wannan katako ya hau kan wancan kafin a raba su, ya gwada da yadda aka harhaɗa su a Fremantle.

Green da kansa ya koma kan hotunan ƙuruciyarsa. A wani littafi da ya fito a 2019 ya bayyana gwajin da ya yi da hotunan binciken Cape Andreas a tsibirin Kubrus na 1969 da 1970, da kuma na wani jirgi a gaɓar Afirka ta Gabas da ya ɗauka a 1978 da 1979. Wannan na biyun labarinsa ya cancanci a ɗan tsaya.

Santo António de Tanná jirgin yaƙin Fotugal ne da aka ƙera a Indiya a 1681. A 1696 dakarun Oman suka yi wa ganuwar Fort Jesus ta Mombasa ƙawanya, wadda ta ɗauki wata 33. Aka turo jirgin daga Goa da agaji. Ya sauke kaya, ya wuce Mozambik, ya dawo, a watan Oktoba na 1697 ya nutse a gindin ganuwar. A Disamba na 1698 ganuwar ta faɗa hannun Omanawa, kuma daga nan ƙarfin Fotugal a wannan gaɓa ya karye. Daga 1977 zuwa 1980 Robin Piercy ya jagoranci tonon jirgin, da haɗin gwiwar gidajen tarihin Kenya da cibiyar da Bass ya kafa. An fitar da tangaran ɗin Sin, da tukwanen Indiya da na Afirka, da manyan randuna, da gungumen baƙin itace mai daraja. Gindin jirgin kuwa, bayan an auna an ɗauki hoto, aka sake binne shi da yashi domin a nan ya fi samun kariya.

Ka ga ke nan wanda yake son nazarin yadda aka ƙera wannan jirgi, ko dai ya nemi kuɗin sake tono, ya jefa katakon cikin haɗari, ko ya koma ga hotuna. Da hotunan nan ne Green ya fitar da surar gindin jirgin a kwamfuta. Ɗalibi a Mombasa zai iya nazarin abin da ke binne a bakin garinsu ba tare da an motsa ƙwayar yashi ba. Wannan ya dace da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 a kan kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, wadda ta ce barin abu a inda yake shi ne zaɓi na farko, ta kuma wajabta adana bayanan duk wani tono tare da kayan da aka fitar.

Sai dai kada a ɗauka kowane akwatin hoto zai ba da irin wannan amfani. A zamanin fim, mai nutso yana sauka da hoto 36 kacal a cikin kyamararsa ta Nikonos, dole ya yi tsimi. Inda ya yi tsimin da yawa, hotuna ba su hau juna ba, sai sura ta fito da rami. Ruwa da gilashin kyamara suna lanƙwasa haske, tsohon fim kuma ba ya ɗauke da bayanin irin gilashin da aka yi amfani da shi. Kifi ya gitta, ciyawar ruwa ta kaɗa, yashi ya gusa tsakanin safe da yamma, ƙura da ƙarce a jikin fim, duk suna rikita manhaja. In babu sandar awo a cikin hoton, sura za ta fito amma ba a san girmanta ba. In kuma littafin da ya faɗi ranar da wurin da aka ɗauki kowane fim ya ɓata, to sai a gauraya layin sama da na ƙasa a gina abin da bai taɓa wanzuwa ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wanda Madeline McAllister ta ja kunne a kansa a wata maƙala a 2021. Surar kwamfuta tana da kyan gani har mutum ya manta cewa hannu ne ya yi ta. Tsohon zanen fensir yana nuna kansa a matsayin fahimtar mai zane, wani lokaci har da layin ɗigo-ɗigo a inda bai tabbata ba. Manhaja kuwa tana iya cike rami da kanta ta shafe shi sumul, mai kallo ya ce gani ya kori ji, alhali abin da yake gani a wurin ƙirƙira ce. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya fitar da irin wannan sura, wajibi ne ya faɗi hotunan da ya yi amfani da su, da waɗanda ya zubar, da inda ya cike da hannu. Kuma sura ba ta san nauyin katako ba, ba ta san irin itacen ba, ba ta ga abin da mai nutso ya lura da shi ya rubuta da yamma ba. Littafin aiki da hoto tare suke tafiya.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, yabon da ake yi wa manhaja, rabinsa na wasu ne. Na mai nutso ne da ya daure ya ƙara hoto ɗaya alhali sanyi ya kama shi. Na wanda ya zauna da dare ya rubuta lambar fim da kwanan wata ne. Na ma'aikacin ma'aji ne da ya riƙe akwatunan shekara arba'in, babu mai tambayarsu, bai zubar ba. Babu ɗayansu da ya san irin na'urar da za ta zo. Sun yi aikin ne da kyau saboda sun san suna rushe abin da ba zai sake ginuwa ba, kuma na baya yana da haƙƙi a kansu.

Aikin da ke gabanmu kuwa na gaggawa ne. Tsohon fim yana ruɓewa, ya fara warin tsami, ya lanƙwashe, launinsa ya koɗe, zafi da laima kuma suna hanzarta lalacewar. Mutanen da suka san ma'anar lambobi da gajerun alamomin da ke cikin littattafan aiki suna tsufa, Bass ma ya rasu a 2021. Mayar da komai cikin kwamfuta shi kaɗai ba ya raba gardama, domin faifai yana mutuwa, manhaja tana tsufa, fayil ya ƙi buɗuwa. Saboda haka a yi sikanin fim da inganci mafi girma, a haɗa kowane hoto da bayaninsa tun masu bayanin suna raye, a ajiye kwafi a wurare daban-daban, kuma kada a yar da na asali, don na'urar gobe za ta iya ciro abin da ta yau ta kasa. UNESCO ta ƙiyasta cewa jirage kusan miliyan uku ne ke kwance a ƙarƙashin tekunan duniya, kuma ba za a rasa masu ɗokin tono sababbi ba. Ni dai ina ganin kafin hukuma ta ba da kuɗin buɗe sabon wuri, ya kamata ta fara tambayar halin da bayanan wuraren da aka riga aka tono suke ciki, ta ware musu kasonsu tun kafin su lalace.